Kifin da Na Kai Zakka

Tun ina ɗaura mazagin wando matata Hansai ta ce mini kada in je garin Zakka.

"Malam, za ka kunyata kanka," in ji ta, tana juya ɗumame, ko kallona ba ta yi ba. "Rabin labari ka ji. Mai rabin labari ba ya zama gaban Yaya Daudu."

Na ce mata ba ta san dabarar maza ba. Ta ce gaskiya ne, shekara ashirin da wani abu tana nemanta a gidan nan ba ta gani ba. Da na san abin da zai biyo baya, da na zauna na ci ɗumamena cikin mutunci.

Sunana Armaya'u, tela ne ni a kasuwar Batsari. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma a fannin fargaba ko farfesa sai ya sara mini. Rijiyar gidanmu murfi biyu gare ta, na ƙarfe da na katako, kuma duk da haka sai na ɗora dutse. In yaro ya yi tari sau ɗaya, ni na riga na hango gadon asibiti.

Maganar kuwa a kan 'yata ce ta fari. Sunanta ba za ku ji shi daga gare ni ba, sai dai a bakin wasu. A gidanmu haka muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ta yayana Daudu ya ɗauke ta zuwa Zakka, can ta yi wayo, sai da za ta shiga sakandare ta dawo wurinmu. Duk wani hukunci a kanta nasa ne. Hansai ma ba ta faɗin sunan, 'yar Zakka take ce mata, amma ban da wannan ta saki jiki da ita, har hira suke kamar ƙawaye. Ni ne na riƙe abin da ƙarfi. In tana tsakar gida, ni ina zaure. In ina son sanin ko ta ci abinci, sai in tambaya ko tuwon jiya ya yi saura.

Yarinyar ta gama jami'a, ta karanta ilimin halittu, sai ga labari wai ta sami tallafin ƙarin karatu a bakin Bahar Maliya, kusa da Jidda. Za ta yi nazarin wasu ƙananan kifaye da ke zaune cikin duwatsun murjani a ƙarƙashin teku: yadda suke tafiya garke-garke da yadda suke hayayyafa. Da farko na ɗauka a kwalba za a riƙa kawo mata kifin ofis ta duba. Daga baya na ji wai ita za ta bi su can ƙasa, da tukunyar iska ɗaure a bayanta. Ni ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne dam ɗin Zobe, shi ma daga cikin mota, kuma sai da na rufe gilashi.

Na nemi hujjar hanawa ta kowace kusurwa. Na ce wa Hansai ƙasar nesa ce, ta ce kusa da Makka dai. Na ce mace ba ta zama ba muharrami, ta tuna mini ƙanenta Lawal, kawun yarinyar, yana Jidda da iyalinsa. Abin da ya rage shi ne ruwa, wato tsoro. Shi kuwa tsoro a kan ɗan fari, uba ba ya furta shi. In ka ce kana tsoron kada ta nutse, ka faɗa wa duniya kana sonta ke nan, kuma za a yi ta ba da labarinka har jikoki.

Ana cikin haka wata rana da yamma ta zauna kan tabarma da uwarta da ƙannenta mata, tana nuna musu bidiyon kifayen a waya. Ni kuma sai na tuna zanar garken awaki tana bukatar gyara. Zanar lafiyarta lau, amma daga bayanta ana jin komai.

"Kun ga waɗannan?" in ji ta. "Dubbai ne, amma tafiya ɗaya, juyi ɗaya, kamar tsuntsayen jan-baki sun taso daga gonar gero. Ba su da shugaba, kowa na kusa da shi yake kallo. In babban kifi ya kawo hari, sai idonsa ya ruɗe, ya rasa wanda zai kama. Wanda ya ware, ko wanda ke gefe, shi aka fi ci."

Na ce a raina, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi da bakinki.

"Wannan kuma, mai manyan idanu, ku dubi kumatunsa. Macen ce ke zuba ƙwai, namijin ya kwashe ya ɓoye a bakinsa. Kwana da kwanaki ba ya cin komai, yana laɓe cikin dutse, don kada wani abu ya taɓa su."

"Namiji?" in ji Hansai, ta ɗaga murya fiye da yadda hirar take bukata. "Ikon Allah. Wannan kifin ba ɗan Batsari ba ne kuwa?"

Na leƙa ta kafar zana. Na ga wani ɗan kifi ja-ja, idanu zuru-zuru, baki cike, yana zare ido hagu da dama. Wallahi ban taɓa ganin halittar da na fahimta kamar wannan ba. Sai aka kira la'asar. Na tafi masallaci zuciyata fari fat, kuma Allah ya gafarta mini, tun daga raka'ar farko nake tsara jawabi.

Dabarar mai sauƙi ce. Ba zan ce kada ta tafi ba. Zan je in ba Yaya Daudu labarin kifi kawai, kamar abin mamaki da na tsinta a hanya, hannunka mai sanda. Shi dattijo ne, zai gane cewa kifin da za ta bi ɗin ma ya san wurin ɗa shi ne cikin garke, kusa da ubansa. Ita ta riga ta tafi Zakka sallama, kuma Yaya ya ce bayan sallar Juma'a zai yanke magana. Shi ya sa na ɗaura wando ranar Juma'a da safe, na tayar da babur, na bar Hansai da gargaɗinta.

Saboda halin da ake ciki a yankinmu, ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Ana taruwa a mararraba har a yi ayari, sannan a ɗunguma. Na tarar da babura sun fara yawa, ciki har da taubashina Tayyib, mai sayar da manja, wanda tun muna yara bai taɓa barina in sha iska ba. Ilimi sabo yana da ƙaiƙayi. Na ce bari in gwada shi a nan kafin in kai shi gaban manya.

"Jama'a," na ce, "wannan tafiya tare da muke yi, masana sun bincika ta a cikin teku. Kifaye ma haka suke. Kuma an gano na tsakiya shi ke tsira. Na gaba, da na baya, da na gefe, su ake ci."

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Armaya'u," in ji Tayyib, "kai da ko kududdufi ba ka taɓa sa ƙafa ba, yaushe aka naɗa ka Sarkin Ruwa?"

Aka yi dariya, amma maganar ta riga ta shiga. Da aka ce a tashi, wanda ya saba ja gaba ya ce tayarsa tana son iska. Na baya ya turo babur ɗinsa ya cusa tsakaninmu. Kowa ya shiga neman tsakiya. Ka san tsakiya ba ta samuwa sai da gefe, gefen kuwa ba mai so. Muka yi ta kewaya juna kamar awaki a turke, rana tana ɗagawa, wani ya taka wani, wani ya zagi kakan wani. Muna cikin haka wata tsohuwa ta zo da ƙwaryar nono a ka, ta ratsa mu.

"Ku matsa mini, maza," ta ce, ta kama hanya da ƙafa.

Kunya ta kama kowa, kuma kunya tana neman wanda za ta sauka a kansa. Nan take aka yi ittifaƙi cewa wanda ya kawo maganar shi zai ja gaba. Haka na shiga Zakka a gaban ayari, ni kaɗai tsirara kamar icen tsakar gona, duk addu'ar da na sani na karanta ta, har da ta shiga kasuwa. Mai hankali da ya ɗauki wannan ishara ya koma gida. Ni kuwa cewa na yi ai wannan gwaji ne, gaban Yaya abin zai fi zama.

Bayan an sauko Juma'a muka zauna a zauren Yaya Daudu, da shi, da maƙwabtansa dattawa biyu, da Tayyib wanda ya ce shi ba zai bari a ci wannan biki ba shi ba. Muka gaisa: gida, iyali, gajiya, shanu, ya muka ji da jama'a, ya ƙarin haƙuri. Aka kawo fura da nono.

"To, mi ya fito da kai?" in ji Yaya. "Kai da ko gobara ba ta fitar da kai Batsari."

Na ce na zo ganin gero.

"Gero shina rumbu tun watan jiya. Ko in sa a buɗe maka ku gaisa?"

Na sha fura don in sami abin yi da bakina. Sannan na gyara zama, na ce af, na kuwa ji wani abin mamaki. Na kawo labarin garken kifi, yadda wanda ya ware shi ake ci. Na kawo na uban nan mai ƙwai a baki. Na ƙara masa gishiri, ban musa ba. Na ce yakan rame har ƙasusuwansa su fito, na ce in an kawo masa abinci sai ya kau da kai. Na rufe da cewa dabba ke nan, wadda ba ta da hankali, ta san ba a sakin ɗa cikin ruwa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce Allahu akbar. Na ji kaina ya yi girma.

Yaya ya cire asuwaki daga bakinsa.

"Ikon Allah. Daga nan fa?"

"Daga nan me, Yaya?"

"Shina riƙe da su a baki har su yi gemu? Ko nan cikin bakin za ya yi masu aure?"

Na ce wannan ɓangaren ban kai gare shi ba, an kira salla.

"Ai ga mai abin a gida," in ji shi. Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Ku kira mani ɗiyata. Nazifa!"

Ta zo ta durƙusa bakin ƙofa. Ta gaida Baffanta, ta gaida dattawa, ta gaida Tayyib ya tsokane ta, sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Baba, ina wuni." Na amsa wa bango.

"Wani mutum ya kawo mana labarin kifi mai goyo da baki," in ji Yaya, "amma ya baro wutsiyar a Batsari. Ƙarasa mana."

"Baffa, in ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai ya buɗe baki ya furzar da su. Ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu. Ruwa ya kwashe su ya yi tsakiyar teku da su."

"Shi kuma ya bi su?"

"A'a. Yana nan cikin dutsensa. Abinci yake nema."

Tayyib ya ajiye ludayi a hankali, kamar mai shirin jin daɗi.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

Ta shiga wasa da bakin hijabinta.

"Faɗi, ba kowa nan sai iyayenki."

"Wani lokaci, Baffa, in yunwa ta matsa masa kafin su ƙyanƙyashe, yakan haɗiye wasu daga ciki."

Dattijon da ya yi kabbara ɗazu fura ta sarƙe shi. Tayyib ya kwanta a kan buzu yana dukan ƙasa.

"Wayyo cikina! Shi ya sa Armaya'u ya ajiye tumbi! Ku je Batsari ku ƙirga yaran nan, don Allah!"

Na yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage. Na ce wa bango ai maganar garke tana nan, wanda ya rabu da danginsa shi ake ci. Yaya ya miƙa mata tambayar. Ta ce garken galibi ba dangi ba ne. Kowa daga inda ruwa ya kawo shi, in girmansu ya zo ɗaya, bukatarsu ɗaya, sai su haɗu su tafi tare.

"Kamar 'yan makaranta ke nan," in ji dattijo na biyu, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, kuma da ya ci gaba da shirunsa da na gode masa.

Tayyib ya share hawaye ya ce a ƙaro wani. Ta ce akwai wani irin da in macen gidan ta mutu, namijin ke rikiɗa ya zama mace.

"Ya isa, ya isa," in ji Yaya. "Kada wani ya ji ya ɗauko mana wannan ma a kan babur. Tashi ki shiga, Allah shi yi maki albarka."

Ta tashi. Dariya ta lafa. Yaya ya dube ni, kuma wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Armaya'u, bar kifi ya huta. Kai nike tambaya. Na san ka tun kana tsoron kaza. In hankalinka bai kwanta ba, buɗe baki ka ce kana jin tsoro, ni kuwa in hana ta. Magana ɗaya ce. Ba wanda za ya yi maka dariya a zauren nan."

Ya harari Tayyib, Tayyib ya kama bakinsa.

Abin da na zo nema ke nan, an ɗora mini a tafin hannu. Maganar ta taso daga cikina har ta iso maƙogwaro. Sai na lura da asabarin ƙofa. Ta ƙasansa ana ganin yatsun ƙafa, da lalle ja, ba su motsi. Ba ta shiga ba. Na tuna mahaifinmu, wanda har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya ce Daudu ba. Na kuma tuna muryarta ɗazu da take maganar 'ya'yan kifin nan, yadda ta manta da kunya ta ɗaga kai, abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa zama inda take magana ba sai ta bayan zana.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ni ina ruwana, Yaya? Ɗiyarka ce."

Ya daɗe yana kallona.

"To," ya ce. "Ta tafi. Allah shi tsare, shi ba da abin da aka je nema. A yi mata fatiha."

Muka ɗaga hannu. Da muka shafa, yatsun sun ɓace daga ƙarƙashin asabari.

Da na koma gida Hansai ba ta tambaye ni komai ba, don labari ya riga ni isowa. Har yau in na ratsa layin masu manja sai an kira ni Uban Kifi, wasu kuma su kumbura kumatu.

Ranar tafiyarta, da hantsi, aka raka ta tashar motar Katsina. Ni ban raka kowa ba. Na dai je tashar ne tambayar wani direba ko ya taho mini da zare, kuma direban bai zo ba, sai na tsaya jiransa daidai inda motarsu take lodi, na ba su baya. Aka ɗaure jaka, ƙannenta suna kuka, uwarta tana ta jera nasiha. Da na ji yaron mota ya buga ƙofa, sai na ce wa Hansai, da ƙarfi, ina kallon wata tayar da aka jingine:

"Ki tambayi masu ilimin kifi. Waɗanda aka furzar ɗin nan, suna komowa?"

Sai na ji muryar yarinyar ta taga.

"Inna, ki ce wasu suna komowa dutsen da aka haife su, bayan sun yi makonni a tsakiyar teku. Wasu kuma su sami wani dutsen su zauna. Ana zaton ƙamshin ruwan gida suke bi, ko ƙarar da ke tashi daga dutsen. Ba a gama ganewa ba. Abin da za ni in duba ke nan."

Hansai ta juyo ta ce, "Ka ji."

Na ce ni zare nake jira.

Motar ta tashi. Ban juya ba sai da ƙararta ta yi nisa, sannan na juya na ga bayanta kaɗai, da buhunan da aka ɗaure a sama.

Yanzu tana can. Takan aiko wa uwarta saƙon murya, an ce tukuna a wani kwarmin ruwa na siminti ake koya musu nutso, ba a kai ga teku ba. Har yau masana ba su gama sanin yadda 'ya'yan kifin nan ke gane hanyar gida ba. Ni ma ban san ko za ta dawo ta zauna kusa da mu ba, kuma ban san ko kunya ce ta rufe mini baki a zauren Yaya, ko yarda na yi.